Baƙon Hannun Sammani

Injin sussuka ne ya cinye wa Sammani hannun dama, a shekarar da ya yi aure. Yana tura zangarniyar gero a bakin injin, hannun rigarsa ya sarƙe, kafin mai injin ya kai ga kashewa aikin gama ya gama. A Sabon Birni aka gyara abin da ya rage aka ɗinke, ya koma garinsu Tungar Adda, wata ƙaramar tunga a ƙasar Tsamaye, da dungu daidai wuyan hannu.

Ciwon ya warke cikin wata uku. Inda yankan ya tsaya ne ya zame masa masifa. A tunga kowa ya san inji ne. Amma a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, duk wanda ya ga namiji da hannun dama a yanke daidai nan, tunani ɗaya ke zo masa. Mai tebur ya jawo kayansa kusa da shi. Ɗan kabu-kabu ya dafe aljihu. Wata rana a tashar Isa wani dattijo ya dube shi ya ce, "Allah shi sa ka tuba, ɗana." Cikin tausayi ma ya faɗa. Sammani, wanda ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, ya koma gida ya kasa cin abinci.

Shekara shida ya yi a haka. Ya koyi riƙe hauya da hagu yana tokare ƙotar da dungun, ya koyi ɗaure dami da taimakon gwiwa. Rumbunsa bai taɓa zama fanko ba. Abin da ya daina shi ne cin abinci cikin maza. Ko a wajen suna ko biki sai ya yi addu'a ya tashi, don ba zai sa hagu a kwanon da wasu ke ci ba. A ɗaki yake ci, shi da matarsa Saude.

Yana da aboki tun firamare, Hafizullahi, wanda ya zama likita, ya yi ƙarin karatu a Indiya, ya dawo ya buɗe ɗan asibitinsa a Isa. Shi ya zo masa da maganar. Ya ce a asibitin da ya yi karatu ana dasa wa mutum hannun wanda ya rasu, kuma akwai wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin mutum biyu ko uku daga ƙasashen nan, har da maganin da za a riƙa sha bayan aikin.

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji likitan. "Jikin ɗan Adam yana da masu gadi, aikinsu ke nan su kori baƙo. Har ka koma ga Allah ba za su yarda hannun nan naka ne ba. Maganin da za ka riƙa sha safe da yamma shi zai kwantar da su. Ka tsallake 'yan kwanaki, su farka. Kuma fata suke fara kamawa, domin ita ta fi ba su haushi. Ba rana mai zafi, ba aikin da zai goge tafin. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini tun yanzu."

Saude ba ta so ba. Ta jira sai da baƙon ya tafi.

"Malam, mun saba da wanga dungu. Bai hana ka noma ba, bai hana ka ɗaukar ɗiyanka. Ni ban taɓa ganin ka rasa komai ba."

"Ke kin sani, mutanen tunga sun sani. Sauran duniya hwa?"

"Sauran duniya ba su kwana gidanga."

"Za ni tafi, Saude. Ina son in gaisa da mutane kamar kowa, ko da shekara guda ce."

Wata bakwai ya yi a Indiya yana jira, har wani saurayi ya faɗi a babur ya rasu, iyayensa suka ba da izini. Aka yi aikin, aka riƙe shi wasu watanni ana koya wa yatsun motsi. Ya dawo Tungar Adda da hannu mai haske, kalar garin alkama, da gashi baƙi kwance a bayansa, an haɗa shi da baƙar fatarsa da wani tabo mai zagaye kamar awarwaro. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Wasu suka yi barka, wasu suka tsaya daga nesa. Aka yi ta musu a majalisa ko alwala ta inganta a kan fatar mamaci, har sai da limamin Tsamaye ya ce abin da jini ke gudana a cikinsa rayayye ne, a bar bawan Allah ya yi sallarsa.

A hankali ji ya fara sauka cikin hannun. Da farko kamar tafiyar kiyashi, daga baya ya fara bambance zafi da sanyi. Bayan shekara ɗaya da rabi, a sunan ɗiyar wani maƙwabci, Sammani ya zauna cikin maza ya wanke hannu ya yanki tuwo da dama. Lomar ta suɓuce sau biyu. Babu wanda ya yi dariya. Da ya dawo gida Saude ta ga fuskarsa ta ce, "To, na janye maganata."

Ya kiyaye dokar likita kamar sallah. Ƙwaya da hantsi, ƙwaya bayan la'asar. Riga mai dogon hannu da safar hannu ko ana zafin bazara. Gona da hagu yake yi mata kamar da, dama ya bar ta ga cin abinci da gaisuwa da riƙe carbi. Duk wata uku yakan je Isa a ɗebi jininsa ya karɓo magani. In ya ga ko ɗigo ɗaya a fatar sai ya ɗauki hoto ya aika wa likita ta waya.

Sai shekarar da mutanen daji suka mamaye ƙasar. 'Yan bindiga ne, amma ba wanda ke kiran su haka da ƙarfi. Suka kwashe shanu, suka ƙwace gonakin fadama, rabin mazan tunga suka gudu Maraɗi da Sakkwato. Waɗanda suka rage suka zauna bisa sharaɗi: duk lokacin da aka aiko, su fita su yi wa mutanen daji aikin gona. A cikin kakar nan kuma hukuma ta katse layukan waya a yankin baki ɗaya.

Mai kai saƙo tsakanin tunga da daji shi ne Yero, ɗan wan mahaifin Sammani. Ba shi ya nemi aikin ba, kowa ne ya ƙi sai ya faɗo kansa. Wata safiya ya yi sallama a ƙofar Sammani, ya ƙi shiga.

"Girbi ya taso. Mutum talatin sunka ce. Na ƙirga na sake ƙirgawa, ashirin da tara muke."

"Yaya, ka san likita ya hana ni."

"Na sani. Da can, wa ya taɓa tsayawa ƙofarka kan irin wagga magana? Amma yanzu hannunka biyu, kowa na gani. In munka je ba mu cika ba, wuta za su sa ma rumbuna. Kwana biyu ne, uku in ya yi yawa."

Saude na tsaye bayan zana tana ji. Ta ce, "Yaya Yero, ka ce musu majinyaci ne."

"Saude, su wa za ni gaya ma haka?"

'Ya'yan Sammani mata ne biyu, ƙanana. Babu wanda zai tura a madadinsa. Saude ta ƙulle masa maganin kwana biyar a leda, ta sa a aljihun cikin riga.

Tafiyar rabin yini ce a ƙafa. Da suka isa bakin gonar, samari masu bindiga suka tsayar da su a layi suka laluba kowa. Wanda ya laluba Sammani ya zaro ledar, ya ɗaga ta sama, ya yi murmushi.

"Malam ashe kai ma kana taɓawa."

"Ba irin wadda kake nufi ba ce. Maganin hannuna ne. Don girman Allah ka bar mini."

Saurayin ya ɓare biyu ya jefa a baki, ya sa sauran a aljihu ya wuce gaba.

Shugabansu na zaune a gindin wata tsamiya, mutum siriri mai rawani, bai fi shekara talatin ba. Bai dubi layin ba, bai kuma sa an ƙirga kowa ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ina mai hannun Indiya?"

Aka tura Sammani gaba. Ya sa shi ya cire safar. Ya kama hannun yana juya shi, yana latsa tabon da babban yatsa, yana ja gashin, kamar mai taya akuya a kasuwa. Yaransa suka taru suna leƙe.

"Wallahi Yero bai yi ƙarya ba. Da yab ba ni labari na ce ƙarya ce, na ce sai ya kawo mini shi na gani da idona." Ya saki hannun. "To mu ga ko shina aiki. A ba shi wuƙa. Da wanga hannu za ka yi, ba da hagu ba."

Sammani ya waiwaya. Yero na can ƙarshen layi, idonsa a ƙasa.

Kwana tara suka yi. Su sare kara, su yanke zangarniya, su ɗaure dammuna, su ɗauka a ka zuwa inda ake tarawa, tun fitowar rana har ta faɗi. An karɓe safar tun ranar farko. Ƙaiƙayin gero ya shiga ko'ina. Tafin hannun, wanda bai taɓa sanin aiki a jikin Sammani ba, ya yi bororo a rana ta biyu, ya fashe a ta uku. Ya sake roƙon saurayin da ya karɓi maganin, saurayin ya ce masa ai tuni ya zubar da ita, ƙwayar banza ce, ko kai ba ta ɗagawa.

A rana ta biyar ya ga ɗige-ɗige ja a bayan hannun. A farar fata ba sa ɓoyuwa. Washegari sun haɗe sun zama taswira, hannun ya kumbura, yatsun sun yi nauyi. Abin da ya fi tsorata shi shi ne inda jan ya tsaya. Daidai kan tabon ya tsaya, ya zagaye shi, bai ƙetara ko da faɗin ƙwayar gero zuwa fatarsa ta haihuwa ba. Tasa lafiya lau take, baƙa, mai sheƙin gumi.

Sau ɗaya Yero ya matso kusa da shi wajen shan ruwa, ya ce, "Bari in riƙa ɗaure maka naka." Sammani ya ɗauki wuƙarsa ya koma wani layin.

Da aka sake su Saude ta tare shi a ƙofar gida. Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun ta duba gaba da baya, ta shiga ɗaki ta kawo masa maganin da ya rage da ruwa. Waya ba ta aiki. Hanyar Isa kuma ba a bin ta sai ranar kasuwa, lokacin da motoci ke haɗuwa su tafi a jere. Suka jira kwana uku, tana shafa masa man da likita ya ba su, jan na ƙara duhu.

Likita Hafizullahi ya dudduba hannun. Sannan ya tambaya, "Kwana nawa?"

"Tara ba magani. Uku kuma muna jiran mota."

"Da shi ka yi girbi?"

"Da shi anka ce in yi."

Likitan ya kwantar da shi, ya sa masa ruwa mai ƙarfi kwana uku a jere, ya yanki ɗan guntun fata ya aika Sakkwato a duba. Cikin mako biyu kumburin ya sauka, jan ya dusashe, fatar ta yi saɓa. Saude ta fara godiya. Likitan ya ce mata ta dakata tukuna.

"Masu gadin nan sun riga sun gane shi," ya ce. "Da suna barci. Yanzu sun san fuskarsa."

Ba su koma Tungar Adda ba. Kawun Saude ya ba su ɗaki a gidansa a Isa, aka aika aka ɗauko yaran. Bayan wata biyu jan ya dawo, aka sake sa ruwa, ya lafa. Ya sake dawowa. A karo na uku bai zo da ja ba. Tafin ya bushe ya yi kauri kamar ɓawon itace, ya tsattsage a kan layukan, tsagar na fitar da ruwa. Gashin bayan hannun ya zube. Farcen ɗan ali ya ɗago daga gindi, wata safiya Saude ta tsince shi a kan tabarma, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yatsun da aka sha wahalar koya wa motsi suka ƙage, suka lanƙwashe ciki.

Aka ƙara ƙarfin magani, shi kuma ya juya kan Sammani. Fuskarsa ta kumbura, sukari ya hau, ƙaramin tari sai ya kwantar da shi mako guda. Likita ya yi magana da malamansa na Indiya lokacin da waya ta dawo, suka ga hotuna, suka ce abin da shi ma ya sani: jijiyoyin jinin da ke cikin hannun suna toshewa.

"Sammani, ƙodarka ta fara gajiya. In muka ci gaba za mu rasa hannun, mu rasa ka. A cire shi, ka daina shan duk wannan."

"A'a."

"Ba ya yi maka aikin komai yanzu."

"Likita, wata bakwai na zauna ƙasar mutane ina jiran ɗan wani shi mutu. Shekara biyu ban tsallake ƙwaya guda ba, Saude shaida ce. Duk abin da kac ce na yi. Mi na yi ba daidai ba?"

"Ba ka yi komai ba."

"To a bar mini abina."

Wata huɗu ya ƙara. Saude ce ke wanke hannun safe da yamma da ruwan gishiri mai ɗumi, ta shafa mai, ta naɗe. Ya fara wari, yaran suka koma kwana ɗakin matar kawu. Ba ta taɓa tuna masa abin da ta faɗa kafin tafiyarsa Indiya ba, shi kuma yana jira ta faɗa, rashin faɗar na cinsa. Yakan yi mata tsawa kan ruwa ya yi zafi ko ya yi sanyi, alhali hannun ya daina jin ko ɗaya.

Ranar da kan yatsu biyu suka yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi har bai san wanda ke kansa ba. Saude ce ta sa hannu a takardar yarda a cire. Aka kai shi Sakkwato aka yanke, wannan karon kusa da gwiwar hannu, domin ruɓar ta hau. Da ya farfaɗo ya tambayi inda aka kai hannun. Saude ta ce ta roƙa an ba ta, ta wanke shi, ta naɗe a farin ƙyalle, kawu ya kai maƙabarta an binne a gefe.

"Wa yas sa ki ki yarda?"

"Ba wanda yas sa ni."

Ya juya fuska ga bango. Sai da suka dawo Isa da mako biyu sannan ya sake yi mata magana mai tsawo, ita ma a kan inda ta ajiye hularsa ce.

Jikinsa ya dawo da sauri bayan an daina maganin. Fuska ta saɓe, tarin ya tafi, sukarin ne kawai ya zauna. Likitan yakan biyo da yamma su zauna a ƙofar gida, amma hirar ba ta nisa. Sau ɗaya ya ce, "Ni na kawo maka maganar nan, Sammani." Sammani ya ce, "Kai ka gaya mini gaskiya tun farko," ya canza zance.

Bayan kaka ta sake zagayowa Yero ya zo Isa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya sauke buhun gero biyu daga babur, ya ce na gonar Sammani ne, shi ya noma ta bana. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Saude ta kawo ruwa ta koma bayan ƙofa ta tsaya.

Suka gaisa, suka tambayi mutanen gida. Yero ya faɗi waɗanda suka mutu da waɗanda suka tashi. Sannan ya shiga murza bakin rigarsa.

"Ƙanena, na zo ne kan abin da ka sani. Ranar nan na je kai musu saƙo, na iske shugaban nasu cikin hushi, an kashe mishi yaro. Bindiga na bisa cinyarshi. Na rasa abin da za ni ce in fita da raina, sai na ɗauko labarin hannunka don shi yi dariya. Ya yi dariyar. Sannan yac ce in kawo ka."

"Maganar mutum talatin hwa?"

"Ni na ƙirƙira. Na san in na gaya maka gaskiya za ka gudu da iyalinka, ni kuma ya ce in ban kawo ka ba in kawo ɗiyata."

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Ban zo in wanke kaina ba," in ji Yero. "Girma ya kama ni, ban san sauran kwanana ba. Ka yafe mini."

Sammani ya daɗe yana kallon buhunan. Sannan ya ce, "Allah shi yafe muna baki ɗaya, Yaya."

Yero ya ce amin. Ya ɗan jira ko akwai saura. Da ya ga babu, ya tashi ya sa takalmansa, ya ce zai kama hanya kafin motoci su wuce. Sammani ya raka shi har bakin titi kamar yadda ake yi wa babba.

Da ya dawo Saude na tsaye a zauren.

"Malam, ba ka ce ka yafe ba."

"Na sani."

"Shi ma ya sani."

"To ai shi ke nan." Ya taɓa buhu ɗaya da ƙafa. "Ki kira almajiran kawu, a'a, bari. Ki gaya ma matar kawu ta raba ma maƙwabta. Kada ko tsaba guda ta shiga tukunyarmu."

Saude ta dubi geron. Fari ne, mai kyau, irin na gonarsu ta tudu, kuma a gidan mutane suke zaune da yara biyu. Sannan ta shiga ciki ta ɗauko kwano ta fara rabo da kanta.